Tukunyar Mutum Goma Sha Biyu

Tun da aka hana hura itace a Katsina, ba a samun ruwan zafi sai a tukunyar lantarki, ita kuwa ba ta sakin ko ɗigo sai ta ga tafin hannun da ta sani.

Hajiya Tasalla ta shiga shagon Sagiru mai tukwane tana huci.

"Ba ni wadda ta fi girma. Mu goma sha uku ne yanzu, 'yata Rahanatu ta dawo gida wankan jego."

Sagiru bai ɗago daga wayarsa ba. "Babbar ta mutum goma sha biyu ce, Hajiya, irin wadda ke gidanki. Ta yi wankan a gidan mijinta mana."

"Haihuwar farin? A garinku haka ake yi?"

"Ba ni na kafa dokar ba. Sai ki cire mutum ɗaya. Babu tsoho a gidan? Yawanci su ake cirewa."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Wato kai uwarka ka cire."

Ya kau da kai, ya turo mata gilashin ɗaukar hannu.

Ta kifa tafinta a kai. "Goge nawa, ka sa nata."

"Wanda aka goge ba ya dawowa. Ko ranar wankanki na ƙarshe, ruwan sanyi za a ɗebo."

"Gawa ba ta rawar ɗari, yaro. Maijego ke yi. Goge."

Gilashin ya yi ja, ya mutu. Ta janye hannunta, ta share shi da mayafi kamar ta taɓa ƙazanta.