Takardar Naɗe Ƙosai

Tun da hukuma ta kafa dokar tawada, duk abin da aka buga kwana uku yake yi ya goge, takarda ta koma fara fat. Malam Tanimu, editan mujallar ma'aikata Gumin Goshi, ya shekara talatin yana rubutu a kan haƙƙin leburori, kuma shi ya gano cewa inda mai ya jiƙa, rubutu ba ya gogewa. Shi ya sa duk Litinin yake kai wa Tabawa mai ƙosai sabon bugu, ta riƙa naɗe wa masu saye.

Yau da safe ya tarar da ita a ƙofar masaƙa tana suya. Ta amsa gaisuwarsa ba ta ɗago kai ba. Kusa da kaskonta akwai ƙunshin sababbin ledoji.

"Iya Tabawa, wannan fa? Ke da kika ce leda tana sa ƙosai gumi?"

"Kyauta aka ba ni, Malam."

"Wa ya ba ki?"

"Wani mai takalmi sau-ciki. Ran Talatar da ta wuce ya saya da yawa, ya juye wa kaji ƙosan, ya ninke takardar ya sa a aljihu."

Malam Tanimu ya ƙara matse mujallun a hammata, ya dubi masu jiran layi. Duk ya san su, ko dai yana zaton ya san su.

"Ya tambayi sunana?"

"Bai tambaya ba. Cewa ya yi in gaishe ka, kuma in rage maka yaji saboda ciwon cikinka."

Ta zuba masa ƙosansa a leda.