Faifan da Alƙali Ya Kasa Ba Maki

Ranar Laraba editan jarida ya sake turo saƙo: "Baba Alƙali, gobe ƙarfe biyu za mu rufe shafi. Maki nawa?"

Alƙali ya kife wayar a kan gwiwarsa. Ba alƙalin kotu ba ne. Masu karatu ne suka laƙaba masa sunan, don shekara talatin yana da shafi a jaridar mako inda yake auna tsofaffin faya-fayan waƙa, ya ba kowanne maki daga ɗaya zuwa goma. Rowar maki kuwa ba a magana. Faifan da kowa ke rantsuwa da shi sai ya ba shi biyar, ya ce mai gangar yana sauri kamar an biyo shi. Sau uku kacal ya taɓa ba da goma, kuma har yau ana musu a kan na ukun a shagunan aski.

Wannan karon faifan na daban ne. A ɗakin ajiyar wani gidan rediyo aka tono shi, na wata ƙungiyar makaɗa da ta watse tun kafin a haifi editan, ba a kuma taɓa sakinsa ba. Kowa ya zuba ido ya ga abin da Alƙali zai ce. Mako uku jarida tana fita ba shi, har masu ita suka yanke magana: in wannan makon ma ya wuce, a ba wani shafin.

Mako uku ke nan kuma da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a gaban teburin guga. Tana kwance a asibiti, idonta biyu, amma baki ya ƙi magana, hannu da ƙafa sun ƙi motsi.

Abokansa sun daɗe suna kiransa mijin-ta-ce, shi kuma bai taɓa musawa ba. Ita ke ɗaukar wayarsa in ta yi ƙara. Ita ke raka shi ofis ta zauna gefensa, ita ke yi masa ciniki a kasuwa. Faifai kuwa ba ya ɗora shi sai tana cikin ɗakin tana goge kaya a tsaye. In an tsokane shi sai ya ce kiɗa ba ya shigarsa sai da ƙamshin guga.

Da saƙo ya ƙi yi, editan ya biyo shi asibitin da yamma, ya same shi a benci a ƙofar ɗaki.

"Baba, ba littafi na ce ka rubuta ba. Minti arba'in ne fa. Ka saurara, ka faɗi lamba, ni zan cike sauran."

Alƙali ya kafe bakin editan da ido har ya gama, kamar yadda ya saba yi wa kowa.

"Ɗana, ban taɓa ƙago maki da ka ba. Ba zan fara da tsufa ba."

"To ya za mu yi?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ba wai bai gwada ba. Sau huɗu ya ɗora faifan a gida, ya zauna ya aza tafin hannunsa a kan lasifika. Na ƙarshen har waƙoƙin suka ƙare, allura ta yi ta kewaya tsakiyar faifan yana zaune, sai da 'yarsa ta shigo ta taɓa kafaɗarsa ta ɗage ta. Ta ɗauka tunanin uwarta ne ya tafi da shi. Ya rubuta bakwai ya soke, ya rubuta huɗu ya soke. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ranar Alhamis da safe ya naɗe ƙaramin garmahonsa cikin tawul ya kai asibiti. Likita ya ce ba laifi, kiɗa yakan taimaki irin wannan jinya. Ya ɗora faifan, ya jawo kujera zuwa ƙarshen gadon, ya yaye bargo daga ƙafafunta.

Nas ta leƙo ta yi magana, bai juya ba. Sai da ta zagayo ta tsaya a gabansa.

"Baba, ka ɗan rage mana, akwai marasa lafiya."

Ya murɗa ya rage. Ta dubi tsohon da ya bar fuskar matarsa ya tsura wa ƙafarta ido, tausayi ya kama ta, ta ja ƙofa a hankali.

Allura ta ƙetare waƙar farko, ta ƙetare ta biyu. Ya juya faifan. Hawaye ya gangaro daga idon matar zuwa matashi, ya kasa gane ko daɗin kiɗan ne ko ciwo ne ko tausayinsa.

"Uwar ɗakina," ya ce, "ko yatsa ɗaya ne."

Ƙafafun suna nan yadda aka ajiye su. Ya san su kamar tafin hannunsa. In babban yatsa kaɗai ya motsa, biyar ke nan. In diddige ya shiga, bakwai. Ran da ta ajiye dutsen guga ƙafa biyu suka ɗauki rawa, ranar ya rubuta gomansa na uku.

Ƙarfe biyu ta yi, wayar ta haska a kan gwiwarsa, bai taɓa ta ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon kunnensa da jin ko ƙarar ƙofa, kuma duk makin da ya bayar tun daga lokacin, a ƙafar nan ya karanto shi.