Tumatirin Tudu da Tumatirin Kwari

Tunda ka ce ƙofa ta buɗe maka kuma ba ka so ko ɗan'uwanka ya ji, gyara zama in buga maka misali.

An yi wani manomin rani mai gona a bakin fadama, ta wajen tudu, inda ruwa ke fara janyewa bayan damina. Shekara ashirin yana noman tumatir, yana kai shi bakin titi a manyan kwanduna, dillalai su taya yadda suka ga dama, a loda a mota a yi kudu da shi. Arhar tana masa ciwo, amma ba ita ta fi ci masa rai ba. Abin da ke damunsa, bai taɓa ganin fuskar wanda ya ci tumatirinsa ba. Ya yi reno, ya yi dashe, ya yi ban ruwa har tafin hannunsa ya yi kanta, amma da zarar an ɗora kwandonsa cikin ɗari irinsa, shi ke nan, ya zama na kowa. A cikin gari kuwa akwai kantin wata Hajiya, ɗan madaidaici, nata na kanta, tana sayar da shinkafa da mai da sabulu, da kayan miya a kan wani teburi kusa da ƙofa. Duk ranar da ya shiga gari sayen taki sai ya rage gudun babur a gaban kantin, ya ƙura wa teburin nan ido kamar mai azumi da randa. Burinsa ke nan a duniya, ya ga kayansa a wurin.

Ran nan dai ya yi ta maza, ya shiga da 'yan ƙwayoyi a leda. Hajiya ta yanka ɗaya, ta ga tsoka ce zalla. Ta ce, "Malam, ni ba na son babban kwando. Ka riƙa kawo mini kaɗan, wanda bai gama nuna ba, Litinin da Alhamis. Sharaɗina ɗaya ne, kada teburin nan ya wuni ba kaya. Mai cefane in ta zo sau biyu ba ta samu ba, ta sake hanya." Ta ɗauko kwali ta rubuta sunansa, ta kafa a kan teburin. Mutumin naka ya koma gida kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Sai dai tun a hanya tsoro ya shiga shi, kada wani ya ji ya yi masa shigar sauri. Yana da maƙwabci a can kwari, injin ban ruwansu ma ɗaya ne, wanda gonarsa ba ta tsanewa sai bayan wata guda, don haka kullum tumatirinsa a makare yake zuwa. Da maƙwabcin ya gan shi yana rufe ɗan kwando da buhu, ya tambaye shi ina zuwa, sai ya ce ai ƙanwarsa yake kai wa a gari. Mako shida ya sha daɗi. Yakan sauke kaya ya ƙi tafiya, ya raɓe gefen buhunan shinkafa yana jin mata suna tambayar tumatirinsa da sunansa, har ƙwalla ta taru masa.

To, tumatir ba ya jiran daɗin kowa. Rana ɗaya aka dasa na tudu, lokaci ɗaya kuma ya tsufa, 'ya'yan suka koma ƙanana, ganyen ya ƙone. A daidai lokacin na kwari ya fara ja, tuli guda, maƙwabcin yana jidarsa zuwa bakin titi dillalai suna yi masa tayin wulaƙanci. Manomin ya tsaya a kan iyakar gonakin biyu yana kallo. Magana ɗaya ta ishe shi, ya nemi maƙwabcin ya ba shi kaya ya cike teburin Hajiya. Amma da wane baki zai ce ƙanwar nan kanti ce? Kuma in Hajiya ta ga na kwari ta fi son shi fa? Ya haɗiye maganar. Litinin ya kai rabi. Alhamis bai je ba, kunya ta hana shi ko buga waya. Wata Litinin ma haka. Ranar da ya daure ya je, ya tarar da teburin cike da kayan wata mota mai zuwa daga nesa, wadda ba ta fashi rani da damina. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa kwalinsa, ta ce, "Ko na maƙwabci ka kawo da na karɓa, Malam. Ni zuwanka nake saye." Da labarin ya kai kunnen maƙwabcin, cewa kawai ya yi, "Ai da ka yi magana."

Har yau kwalin yana nan a ɗakinsa, soke a jikin azara, tawadar ta fara dushewa. Har yau kuma in ya shiga gari yakan rage gudu a gaban kantin, ya kalli teburin, ya wuce. Gonar tudu da gonar kwari suna nan kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na ƙarewa ɗaya na farawa, da ya buɗe baki da sun riƙe teburin nan har faɗuwar ruwa. Don haka ka tashi ka je ka sami ɗan'uwanka tun yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.