Tallan da Nighat ta Toshe

Kwana uku ke nan Nighat na ganin mahaifinta ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗauki waya, ya ajiye, shayinsa har ya huce.

"Nighat, me kika yi wa wayar nan?"

"Manhajar shiga intanet na canza maka, Abbu. Wannan tana toshe talla."

"Mayar mini da tsohuwar."

Ta yi dariya. "Duk Multan kai kaɗai ne mai kewar tallan maganin gwiwa."

Shi bai yi dariya ba. Ya shafa bayan wayar, wadda a da ta mahaifiyarta ce.

"Uwarki ce ta yi ta nemar mini maganin a ciki. Kowa ya daina tambayar gwiwata. Wayar nan ce kaɗai ba ta san ta rasu ba."