Tawadar da Ta Zube

Muna aji shida a Birnin Gwari, muka dawo daga hutun tara muka tarar kwalbar tawada ta kife a teburin malamin Turanci.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Ni na fara nuna Ladi, baƙuwa daga Gayam da muke yi wa dariyar Hausarta. Sauran suka biye mini.

Malam ya dube ni ya ce, "Ka gan ta da idonka?"

Na kama mutsu-mutsu a benci.

Malam ya ɗaga hannun rigarsa, duk ya yi shuɗi. "Ni na zubar. Abin da kuka yi, Bature na ce masa bayas, wato yanke hukunci ba ka gani ba."

Ladi ba ta ɗago kai ba. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, har yau abin ya hana ni sakat.