Rigar Ranar Sakamako

"Matsoraci!" in ji Kawu, yana dukan teburin ɗinkina. "Saura kwana huɗu zaɓe, har yanzu ba ka da gwani?"

Ni dai wanda zai kawo wuta nake nema, in huta da taka keke da ƙafa, kuma ina tsoron in sake dangwala wa maƙaryaci. Shi kuwa Kawu wata uku ke nan yana cika mana kunne da jam'iyyarsu mai koren tuta, wai shi da ita sai mutuwa.

Da mutane suka watse, sai ya tura ƙofa, ya zaro yadi biyu daga leda, kore da ja.

"Riga za ka yi min, waje kore, ciki ja. In sakamako ya juya, in juya ta. Rufa min asiri, ɗana, kada shugaban jam'iyyarmu ya ji."

Na kalle shi sama da ƙasa, na yaye labulen da ke bayana. Irinta goma sha ɗaya ne a rataye.

"Kwantar da hankalinka, Kawu. Ta farkon nan tasa ce. Shi har da hula ya haɗa."