Hular Bakin Tafki

A kasuwar Canaan da ke Guangzhou, a ƙasar Sin, na ci karo da wata hula, dila guda, sak wadda ɗana Abdulrauf ya aiko mini daga wani ɗan garin shaƙatawa na Amurka, inda ya ce yana aiki. Ashe a Guangzhou yake ɓoye!

A gidanmu, tun zamanin kakana, ba a damƙa wa maƙaryaci amana. Nan take na buga waya Kano, na ce a ba ƙaninsa shagon da na tanadar masa.

Sannan na faɗa wa Basinen mai rumfar hulunan sunan ɗana, na tambaye shi, "Laoban, maigida, ina yaron yake?"

Ya miƙo mini hoto: mutanen garin nan na Amurka a bakin tafki, kowa da hular, Abdulrauf a tsakiyarsu.

Ya ce, "Daga can yake yin odar hulunan. Ya ce a nan mahaifinsa ke saye, kuma mahaifinsa ba ya kuskure."